Alƙalami Biyu a Aljihu Guda: Jami'in Hulɗa da Jama'a da Komawarsa ga Fasaha

Mafi yawan waɗanda ke aikin hulɗa da jama'a ba da wannan niyya suka taso ba. Idan aka bincika tarihinsu, za a tarar wannan shi ne zakaran muhawara a makarantarsu, wancan shi ke tsara wasan kwaikwayo duk ƙarshen zango, waccan kuma tana da littafin da ta cika da waƙoƙi tun tana sakandare. Iya magana ya kai su aikin jarida ko gidan rediyo, daga nan wata ma'aikata ko kamfani ko ɗan siyasa ya ɗauke su su zama masu magana da yawunsa. Sana'a ce mai tsari da mutunci. A Nijeriya an kafa cibiyar ƙwararrunta tun 1963, kuma doka ta ba ta ikon tantance masu yin aikin a 1990. Amma bayan shekaru ana rubuta wa wasu, sai ka ga mutum ya zaro tsohon littafinsa daga ƙasan akwati, ya fara rubuta wa kansa. Wannan komawa ta cancanci nazari, domin abin da ake nema a cikinta ya wuce hutu ko rage gajiya.

An saba cewa rashin lokaci ne ke raba jami'i da fasaharsa. Akwai gaskiya a ciki. Wayarsa ba ta mutuwa, ƙarfe goma sha ɗaya na dare oga zai kira ya ce a mayar da martani kafin gari ya waye. Sai dai ɓarnar da ta fi wannan girma a harshe take faruwa. A ɗauki sanarwar manema labarai a duba kalmominta: shugaba ya jaddada ƙudirinsa, ya sha alwashi, ya yi kira ga jama'a da su ba da haɗin kai, ya nuna alhini, ya ba da tabbacin cewa ba za a yi ƙasa a gwiwa ba. An zaɓi waɗannan kalmomi ne don kada su soki kowa. Takardar kan bi ta tebur uku ko huɗu, kowane mai biro ya goge abin da ke da kaifi, har ta fito sumul. Wanda ya shekara goma yana wannan, hannunsa kan riga tunaninsa, ya goge kaifin tun kafin wani ya umarce shi.

A ɗauki misalin bikin buɗe rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Sanarwa za ta ce an ƙaddamar da aiki, al'umma sun yi godiya, hakimi ya yaba. Duk wannan ya faru, babu ƙarya a ciki. Amma jami'in da ya je wurin ya ga wasu abubuwan. Ya ga yarinya da jarka mai ruwan ɗorawa tana tsaye a rana tun hantsi, an hana ta ɗiba sai babban baƙo ya iso ya yanke ƙyalle. Ya ga ɗan ga-ruwa a gefe ya jingina da kurarsa, ana tafi yana lissafin cinikin da zai rasa daga gobe. Ya ji yadda aka koya wa shugabar mata jawabinta a bayan rumfa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da gurbi a sanarwa, kuma su ne ainihin kayan aikin marubuci. Abin da ke mayar da jami'i ga alƙalaminsa na farko shi ne tarin irin waɗannan abubuwa da ido ya gani, baki bai samu izinin faɗa ba.

Magana da yawun wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fada tana da sanƙira da maroƙa da makaɗa, waɗanda aikinsu shi ne ɗaga sunan ubangida da isar da saƙonsa. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa hidima, Musa Ɗanƙwairo ya waƙe sarakuna da manyan 'yan siyasa, kuma ba wanda zai ce hidimar ta dushe basirarsu. Har gobe ana nazarin Bakandamiyar Narambaɗa a jami'o'i. To me ya sa makaɗin fada ya tsira da fasaharsa, jami'in ofis kuwa take kuɓuce masa? Dalili biyu ne a ganina. Na farko, makaɗi yana da sarari. Al'ada ta ba shi damar zambo da habaici, ta ba shi damar wasa kansa a tsakiyar waƙar wani, har ya yi wa sarki nasiha a lulluɓe. Na biyu, waƙar tasa ce, da muryarsa da sunansa, kuma masu sauraro kan auna shi da azancinsa. Jami'in zamani ba shi da ko ɗaya. Nasararsa ita ce a karanta jawabin da ya kwana yana tsarawa a ɗauka daga zuciyar oga ya fito.

Tarihin Abubakar Imam ya nuna nauyin wannan al'amari tun farkon rubutun boko. Littafinsa Ruwan Bagaja ya fito daga gasar rubutu ta 1933, Magana Jari Ce ya biyo baya kafin ƙarshen shekarun 1930, marubucin bai kai shekara talatin ba. A watan Janairun 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da hukuma ta kafa don isar da saƙonta da kashe jita-jita a daidai lokacin da yaƙin duniya ke ƙaratowa. Imam bai zama ɗan amshin shata ba, ya yi amfani da shafukan wajen faɗa wa Turawa da sarakuna abin da ba su so ji ba, kuma ya gina Hausar jarida da muke cin moriyarta har yau. Ya ci gaba da wallafa littattafai, ciki har da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin ziyararsa Ingila a 1943, da littattafan tarihi da na addini. Amma har ya rasu a 1981 bai sake ba mu ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba. Hidimar jama'a ta samu gwarzo, adabi kuwa ya yi rashin da ba mu san iyakarsa ba.

Akwai waɗanda suka bi wata hanyar. A Amurka, Kurt Vonnegut ya kama aiki a sashen hulɗa da jama'a na kamfanin General Electric a 1947, yana rubuta sanarwa kan sababbin ƙere-ƙere, da dare da ƙarshen mako kuma yana rubuta gajerun labarai. A masana'antar ya ga injin da ke sassaƙa ƙarfe da kansa, aikin da a da sai ƙwararren ma'aikaci. A ofis wannan labarin ci gaba ne. A littafinsa na farko, Player Piano, wanda ya fito a 1952 bayan ya bar aikin, sai ya zama labarin mutanen da inji ya raba da sana'a da ƙimarsu. Abu guda ya gani, alƙalami biyu suka rubuta. Cyprian Ekwensi kuwa, haifaffen Minna, bai jira ya ajiye aiki ba. Littafinsa Jagua Nana ya fito a 1961, Burning Grass, labarin wani iyalin Fulani makiyaya, a 1962, a shekarun da yake jagorantar aikin yaɗa labaran gwamnatin tarayya. A zamaninmu ga Ibrahim Sheme, marubucin 'Yartsana kuma jagoran rubuta tarihin Mamman Shata, wanda ya riƙe sashen yaɗa labarai na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, bai kuma saki mujallar Fim da ya kafa a 1999 ba. Ashe taura biyu kan taunu, idan an san ta yadda za a ɓullo musu.

Sai dai ba kowace komawa ke haifar da aiki mai kyau ba, kuma nazari na gaskiya dole ya faɗi wannan. Rubutun jami'in da ya dawo yana da cututtukan da ake gane shi da su. Jaruminsa ba ya kuskure. Kowane babi na ƙarewa da faɗakarwa, kamar ana ƙaddamar da shirin wayar da kai. Idan rigima ta taso a labarin, sai a kira taron masu ruwa da tsaki a sasanta a shafi biyu. Akwai kuma wadda ta fi muni: mutum ya mayar da fasahar ta zama tallan kansa. Tun littafi bai kai rabi ba an fara shirin bikin ƙaddamarwa, an zaɓi babban mai ƙaddamarwa, an buga hoton bango a Facebook. Wannan bai dawo ga fasaha ba, ofis ɗin ya kwaso ya kawo gida, shi ne ogan shi ne kakakin.

Ga kuma batun amana. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jami'in da aka shigar ɗakin sirri ba shi da hurumin kwashe abin da ya ji ya zuba a littafi da sunaye a ɓoye rabi-rabi. Wannan tonon silili ne, ba adabi ba. Abin da ya halatta ya fita da shi daga ɗakin shi ne sanin halin ɗan Adam: yadda mai mulki ke tsoro, yadda fadanci ke rufe kunne, yadda mutumin kirki ke sa hannu a abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Wannan ilmi ba mallakar wata ma'aikata ba ne, kuma adabinmu na ƙishirwarsa. Muna da ɗimbin labaran soyayya da na zaman aure, amma ƙalilan ne suka shiga ofis da gidan gwamnati da idon wanda ya zauna a ciki.

Ba asara kaɗai sana'ar ke jawo wa mai ita ba. Ta koya masa gama aiki a kan lokaci ko da ilhama ba ta zo ba. Ta koya masa taƙaita magana, da sanin wanda yake yi wa ita, da jure gyaran edita ba tare da fushi ba. Marubuta da yawa sun rasa waɗannan. Ƙofofi kuma a buɗe suke: rassan Ƙungiyar Marubutan Nijeriya, wadda aka kafa a 1981, suna zaman karatu da sharhi a jihohi, gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take fito da mata marubuta, kuma waya ta sauƙaƙa isar da labari ko waƙa ga dubban mutane.

Saboda haka ma'aunin wannan komawa ba yawan littattafan da aka buga ba ne, ba kuma ajiye aiki ba ne. Ma'aunin shi ne ko mutum ya iya rubuta abin da ba wanda ya sa shi, wanda ba zai ƙara masa matsayi ba, wanda kuma zai sa sunansa a kai ya ɗauki alhakinsa. Wanda ya kai nan, ribar ba ta tsayawa a littafinsa. Kunnen da ya sake sabawa da magana mai rai zai ƙi amincewa da sanarwar da ba ta ce komai ba, kuma mutumin da ya saba faɗa wa takarda gaskiya da dare zai fi samun ƙarfin zuciyar faɗa wa oga ita da safe. Ma'aikatu na bukatar irin wannan kakaki fiye da yadda suka sani, jama'ar da ake yi wa magana kuwa sun fi kowa bukatarsa.