Ƙure Maleji a Cikin Kwamfuta: Nazarin Wata Al'ada a Zafin Rano da Kibiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai gyaran janareta a Rano ya san wannan roƙon: "Oga, ɗan ƙara masa wuta." Sai makaniki ya murɗa sukurun da ke riƙe da gudun injin, ƙara ta ɗaga, ƙwai ya yi fes, fanka ta ƙara juyi. Ƙaramin janareta an ƙera shi ne ya yi juyi 3,000 a minti, don ya ba da wuta daidai da ma'aunin ƙasar nan. Abin da aka ɗora a kan haka, mai ne ke biya, wata rana kuma caja ko talabijin ta biya.

Wannan ɗabi'a ta tatsar inji fiye da abin da maƙerinsa ya rubuta ta shiga kwamfuta. Turawa na ce mata obakulokin, ni kuwa na fi son kalmar direbobinmu: ƙure maleji. Masu yin ta a Rano da Kibiya ba su da yawa, domin galibin gidajen gem PlayStation suke ajiyewa, ita kuwa a kulle take. Masu yi su ne waɗanda suka je Kano, Titin Beirut ko Farm Centre, suka haɗo kwamfutar tebur mai katin hoto: masu tace bidiyon biki da na wa'azi, masu zanen fosta, da samarin da wasan kwamfuta ya shiga ransu.

Katin hoto yana da ƙwaƙwalwarsa, kuma tana aiki ne da bugu, kamar zuciya. Ana auna bugun da megahaz. GTX 1060, wanda NVIDIA ta fitar a 2016 kuma har yau yake yawo a kasuwar tokumbo, an rubuta masa megahaz 1,708 da wuta wat 120. Da manhaja irin MSI Afterburner, wadda kyauta ce, mutum na iya jan wani ɗan layi ya ƙara bugun, ya ƙara na ma'ajiyar katin, ya kuma ɗaga iyakar wutar da aka yarje masa ya sha. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ƙwaƙwalen ba sa fitowa iri ɗaya daga masana'anta. Kamfani yakan sa lambar da mafi rauninsu zai iya ɗauka, ya bar rara. Rarar nan ake farauta.

Al'adar tana da asali mai kyau, kuma ina girmama shi. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, ƙwaƙwalwar kwamfuta mai araha. Masu ƙaramin ƙarfi a Amurka da Turai suka gano cewa da canji guda za ta tashi daga megahaz 300 zuwa 450, ta kama Pentium II mai tsadar gaske. Ƙarin rabi ke nan, ba ko sisi. Dabarar talaka ce, irin ta mutumin da ya ƙi yarda a yanka masa rabo ƙasa da abin da ya biya. Wanda ya ga yadda ake lallaɓa injin ban ruwa a gonakin rani na yankin Tiga har ya shekara goma yana aiki ba zai ji wannan tunani baƙo ba.

Sai dai zamanin ya wuce. Tun 2012, da fitowar GTX 680, katunan NVIDIA ke ƙara wa kansu gudu: suna duba zafi da wuta, in da sarari su hau, in babu su sauko. Kamfani ya riga ya kwashe mafi yawan rarar. Abin da ya rage wa mai jan layi yawanci kashi 5 ne zuwa 10 cikin 100. Wasan da ke ba da hoto 40 a daƙiƙa zai koma 42 zuwa 44, bambancin da ido da ƙyar yake kamawa. Mai tace bidiyo kuwa sau da yawa ba katin ne ke riƙe shi ba. Tsohon faifan ajiya ne ko ƙarancin ram.

A nan ne nake da ja da yadda muke kwafar abin. Lambobin da samarinmu ke ɗaukowa daga YouTube an gwada su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba. Kati irin GTX 1060 an saita shi ya riƙe kansa a wajen digiri 83, kuma tun kafin ya kai can yake rage gudu kaɗan-kaɗan. Mai bidiyon YouTube ɗin yana da tazarar digiri kusan 60 tsakanin iskar ɗakinsa da iyakar katinsa. A Kibiya, a watan Afrilu, ana kai wa digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano da azahar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar ya tafi tun ba a kunna kwamfuta ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar da ta samu ita take hurawa.

Lissafin wutar ma ba ya tafiya kai tsaye. In ka ƙara bugu da kashi 10, wuta ta ƙaru da kashi 10. In kuma sai da ka ƙara matsin lantarki da kashi 10 kafin bugun ya zauna, to shi ninki yake yi, jimilla ta kai kusan kashi 33. Wat 120 ya doshi 160, kuma duk zafi zai zama. Sai katin ya ji zafi ya sauko da kansa, wani lokaci ƙasa da inda yake tun farko. Na ga haka da idona a wani shago: yaron ya ja layi, lamba ta hau a allo, minti goma sha biyar ba a yi ba hoto ya fara fitar da ɗige-ɗigen kore, aikin bikin da ya kusa kammaluwa ya tsaya cak. Bai rasa kati ba, amma ya rasa yini, ga mai biki na jira.

Sannan ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya kamar auduga. Ga wutar da ba ta da tabbas: a Oktoban 2024 mafi yawan Arewa ta haura mako a duhu, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane wat na janareta kuɗi ne, na batirin sola kuma minti ne da aka rage wa dare. Akwai kuma tarihin katin kansa. Da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto a 15 ga Satumba, 2022, katuna masu ɗimbin yawa suka kwararo kasuwar hannu a duniya, irin su RX 580 mai shan wat 185. Da yawansu sun shekara suna aiki dare da rana, fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfe ya bushe. Jakin da ya dawo daga fatauci ba a tarbarsa da bulala.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar taɓa komai. Abin da ya fi daraja a wannan al'ada ilimin da take koyarwa ne: karanta zafi, gane inda aiki ke maƙalewa, canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu. Kuma manhajar nan da ke ƙara wuta ita ce ke rage ta. Masu haƙar kuɗin intanet, da yake su ke biyan kuɗin lantarki, sun daɗe da gane cewa in aka rage matsin wuta katuna da yawa na riƙe kusan duk gudunsu, zafi kuwa ya faɗi. A Rano, garin Autan Bawo, wannan shi ne ƙure malejin da ke da riba, domin katin da ya yi sanyi da kansa yake hawa.

Wanda ke son gwadawa ya fara da buɗe akwati ya hure ƙura, ya sake man sanyaya, ya ɗaga kwamfutar daga ƙasa. Ya sauke iyakar wuta zuwa kashi 80 cikin 100, ya sa aikin da ya saba yi, ya rubuta zafi da lokacin da ya ɗauka. Gwajin kuma kada ya yi shi da asuba. Ya bari sai ƙarfe biyu na rana, a watan Afrilu, ƙofar shago a yadda ya saba barinta.