Sannunku da aiki, matan daɓe

Kafin siminti da tayil su zama ruwan dare, ba a tarewa a sabon gida sai matan unguwa sun yi daɓe. Magina su gama, a rufa azara, saura ƙasa. A baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere da madaɓai, ana bugu ana waƙa, har da habaici ga maigidan in ya yi rowar fura. Sannan a bi da ruwan makuba, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, daɓe ya yi duhu, ya yi sheƙi, ƙura ta daina tashi. Aikin gayya ne, ba a biyan ko sisi. A karkara har gobe akwai tsofaffin da hannunsu bai manta ba.