Tukunyar ta iso, ina burodin?

Nuwamba ta zagayo, an kuma fara. Duk shafin masu kayan kicin da kika buɗe a Instagram, duk zauren WhatsApp na matan unguwa, tukunyar nan ce ta baƙin ƙarfe: ja, ruwan lemo, shuɗiya, da murfinta mai nauyi, an ɗora ta a kan farin tebur, gefenta burodi zagayayye ya tsage ta sama. A ƙasa an rubuta garaɓasa, saura guda uku. Makon jiya ma saura guda uku ne.

Ni ba tukunyar ce ke ba ni haushi ba, Allah ya sani. Abin da ke ci min rai shi ne yadda mata masu hankali, waɗanda za su tsaya su yi ciniki da mai tumatir a Kasuwar Kawo har sai ya haɗa su da Allah, da zarar sun ga an soke tsohon farashi da jan layi an rubuta sabo, sai lissafi ya ɓace. Daga Malali zuwa Unguwar Rimi, daga Unguwar Dosa zuwa Badarawa, kowa ta zama mai shirin gashin burodi. Shirin kawai. An ɗauki adashi, an tura kuɗi, mai Keke ya kawo kwali yana haki. To Hajiya, ina burodin?

Kun san inda abin ya samo asali? A 2006 jaridar New York Times ta buga wata dabara ta wani mai gidan burodi a birnin, Jim Lahey. Fulawa kofi uku, yis ɗan mitsitsi, gishiri da ruwa, ba murzawa ba bugu. A rufe kwaɓin ya kwana, awa 12 zuwa 18, sannan a juye shi cikin tukunyar ƙarfe da ta riga ta yi zafi sosai a obin, a rufe. Hikimar ta gaskiya ce, ban musa ba. Murfin yana tsare tururin da ke fita daga kwaɓin, saman burodin ya daɗe da laushi har ya gama kumbura, sai a buɗe daga baya ɓawon ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Da korona ta kulle duniya a 2020, mu ma nan Kaduna aka tsare mu a gida tun ƙarshen Maris, kowa ya koma waya, Turawa suka cika ta da hotunan burodinsu. Daga nan sha'awar ta shigo mana, ba ta kuma fita ba.

Amma don Allah a tsaya a dubi burodin da tukunyar ke yi. Ba sukari, ba bota, ba madara. Ɓawonsa sai da wuƙa mai haƙora, cikinsa duk ramuka, ga ɗan tsami-tsami. Wannan burodin mutanen da ke ci da cuku da miyar ganye ne. A gidan wa ake cinsa a nan? Mu burodinmu shi ne wanda za ki matsa da yatsa ya lotsa ya dawo, wanda mai shayi zai tsaga ya zuba wainar ƙwai a ciki, wanda yaro zai tsoma a shayi ya shanye rabin kofi. Wata ƙawata ta yi ta maza ta gasa na tukunyar, kuma wallahi ya yi kyau a hoto. Ta kai wa surukarta da shayi. Tsohuwa ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta ce, “Sannu da ƙoƙari, 'yar nan. Na shekaranjiya ne?” Awa ɗaya kenan da fitowarsa daga wuta. Yara kuwa suka ƙwaƙule cikin suka bar mata ɓawon a faranti, ɓawon da saboda shi aka sayi tukunyar tun farko.

Sai maganar wuta, wadda mai garaɓasa ba za ta taɓa yi miki ba. Dabarar tana son zafi wajen digiri 230, kuma sai tukunyar ta yi rabin awa a ciki ba komai, tana shan zafi kawai. Sannan rabin awa a rufe, sannan kamar kwata a buɗe. Fiye da awa guda obin na cin gas don burodi guda ɗaya tal. Ki tuna nawa kika cika silinda a watan jiya, ki tuna inda kuɗin fulawa ya kai tun da aka saki naira a 2023, alhali yawancin alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita. In kuwa obin ɗinki na lantarki ne, irin ƙaramin nan na kan kanta, da farko tukunyar ba lallai ta shiga ba. In ta shiga, ki yi ta addu'a kar a ɗauke wuta burodi na tsakiyar kumbura. Shi kansa kwanan kwaɓin, an auna shi ne da sanyin ɗakin mutanen can. Ki bar kwaɓi awa 18 a zafin Maris na Kaduna ki ga abin da za ki tarar. A hunturu kuma ya ƙi tashi sai kin lulluɓe shi da bargo.

Kuma wace tukunya ce ma ake mana garaɓasarta? Ta ainihi, irin Le Creuset da ake zubawa a Faransa tun 1925, kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Wadda ke yawo a wayoyinmu launin ne kawai ta aro. Ki duba mariƙin murfin, sau da yawa roba ce, ba ta jure zafin da burodin ke so. Shafen tangaran na ciki kuwa, in ya sha wuta ba komai a ciki ko aka watsa masa ruwan sanyi yana da zafi, sai ya fara tsattsagewa. Wadda ba ta da shafe ita kuma tana da nata sharuɗɗan: a wanke, a tsane, a shafe da mai. Yarinyar gida ta jiƙa ta a ruwa ta kwana, a damina irin ta Agusta, da safe sai ki ga tsatsa ta yi mata lalle. Nauyi kuma ba a magana, kilo biyar ko shida kafin a zuba komai.

Abin da ya fi ba ni dariya, wai sabuwar fasaha ce. Rufe abu a cikin zazzafar tukunya a gasa? Tun muna yara iyayenmu ke gasa kek ɗin Sallah a tukunyar dalma, a zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da bota, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Matan Kano sun gaji liƙa gurasa a jikin tanderu kaka da kakanni, ba ma'aunin zafi ba agogo, hannu da ido kawai. Nan kusa da mu a Panteka ana narka tsohon alminiyam a zuba tukwane kowace rana, kuma masu walda za su ƙera miki obin na gawayi ko na gas da zai ɗauki gwangwanin burodi da yawa a tashi ɗaya, irin burodin da mutanen gidanki za su ci. Sai dai kayan Panteka ba su zuwa da launin ruwan lemo, ba su kuma yin kyau a jeren amarya. Can ma na ga abin ya dosa, don yanzu an fara sa tukunyar garaɓasar a lissafin kayan kicin na aure, a ɗora ta saman kabad kusa da tangaran ɗin da ba a taɓawa.

Na sani, na sani. Za a ce burodin gida ya fi tsafta, kin san abin da kika zuba, ba fargabar sinadarin bromate da NAFDAC ta haramta tun zamanin Dora Akunyili. Haka ne. Amma wannan kirarin burodin gida ne, gwangwani ma zai ba ki shi.

Inda zan sassauta shi ne nama. Tukunyar nan ta iya riƙe zafi, ba ƙarya. Ki sa mata jelar sa ko ƙafar saniya a kan wuta kaɗan, ki rufe ki tafi harkarki, ki dawo ki tarar nama na sakin ƙashi da kansa. Dafa-duka ma tana yin ƙanzo mai daɗi a cikinta. Saboda haka duk wadda tata ta gaji da zama a saman kabad, ta yi min magana bayan sabuwar shekara. Rabin kuɗi zan biya, kuma ita za ta biya mai Keke.