Akun littafi da akun keji



A ajinmu na manya, cikin ƙasar Tasawa, mun yi rani guda muna karanta littafin Magana Jari Ce. Ran da munka ƙare littafi na ɗaya, wani dattijo ya ce mini: "Malam, zan sai da akuyata, in yi saƙo a sawo mini aku daga kudu. Ni ma ina son mai ba ni shawara a gida." Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, don na ga da gaske yake. Na ce masa: "Baba, dakata tukuna." Ga abin da na gaya masa.

Alhaji Abubakar Imam ne ya rubuta wannan littafi. An buga shi a Zariya, kashi uku, daga 1937 zuwa 1939. A ciki, wani Balarabe ya kawo aku a keji, Sarki Abdurrahman ya saye shi da kuɗi masu yawa saboda ɗansa Musa. Da sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci don Musa ya fita gari a halaka shi. Kullum Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsai da shi da labari har gari ya waye. Haka ya ceci ransa, har anka naɗa shi waziri.

Littafin yana da daɗi, Hausarsa ba ta da wuya. Darasinsa kuma gaskiya ne: magana mai hankali ta fi takobi. Akwai wuri ɗaya da nike so ku lura da shi. Aku yana da mata. Ita ta fara hana Musa fita, ta faɗa masa gaskiya kai tsaye, ya fusata ya kashe ta. Mijin ya gani, shi ya sa ya koma ga dabara. Nan marubucin ya nuna mana cewa ran tsuntsun keji yana hannun mai shi.

Amma akwai abin da littafin bai faɗa ba. Ya gaya mana tsadar aku da wayonsa, bai gaya mana hanyar da aku ya biyo kafin ya shiga keji ba. Shi ya sa mai karatu ke rufe littafin yana kwaɗayin aku.

Aku mai launin toka da jar wutsiya ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Ba a samunsa a Gulbin Kaba, ba a samunsa a dajin Mayahi. Gidansa kurmi ne mai ruwa da yawa, kamar na Kamaru, da Kwango, da kudancin Najeriya. Yana yawo cikin garke, yana cin ƴaƴan itace da kwakwar manja, yana ƙwai cikin kogon manyan itatuwa. Masu kamu suna shafa danƙo a reshe su kama manya, ko su hau su kwashe ƴaƴa daga kogo. Da yawa suna mutuwa a hanya saboda ƙishirwa da matsi. Akun da ya iso kasuwa da rai, ya bar gawar ƴan'uwansa a baya.

Kamu ya yi yawa har aku ya fara ƙarewa. A Gana, masana sun ƙidaya, sun tarar cikin kowane goma, tara ko fiye sun ɓace tun daga 1992. Saboda haka a 2016 ƙasashen duniya sunka taru a Johanasbag, cikin Afirka ta Kudu, sunka hana cinikin akun da anka kamo a daji daga ƙasa zuwa ƙasa. Nijar tana cikin wannan yarjejeniya da ake kira CITES. Wanda ya ƙetaro iyaka da irin wannan aku ya karya doka.

Sa'an nan akun gaske ba waziri ba ne. Yana da wayo ƙwarai, yana kwaikwayon sallama, da tari, da kukan jariri, amma ba ya ba da shawara. Yana iya kai shekara 40 ko fiye, watau ya rayu bayan mai shi. In an bar shi shi kaɗai, yakan yi ta fige gashinsa don kaɗaici. Gero zalla ba ya riƙe shi. Busasshen kashinsa kuma yana iya sa wa mutum zazzaɓi da tari, in ba a share kejin.

Mai son tsuntsu ba laifi ya yi ba. Amma mu dubi abin da ke gabanmu. Ga tattabaru: ka ɗaura musu tukunya, su fita da safe su komo da maraice, su yi ta haihuwa, ka ci ka sayar. Wanda ke da kanari ko tsirya a keji, ya ba su wuri mai faɗi da inuwa, da ruwa mai tsabta kullum. Wanda ya bar gawo da sauran itatuwa a gonarsa, tsuntsaye za su zo masa da kansu, ba da kuɗi ba.

Dattijon nan bai sai da akuyarsa ba. Bana ta haifi biyu. Littafi na biyu kuwa yana hannunsa, yana karanta wa jikokinsa da dare. Ku ma ku nemi littafin ku karanta. In kun zo wurin da anka sayi aku, ku tsaya ku tambayi juna: daga ina anka kamo shi?

Sai wani jiƙon. Allah ya ba mu damana mai albarka.