Sharhi a kan Ra'ayin Granovetter Game da Ƙarfin Hulɗar Sama-sama

Duk wanda ya taɓa zama a taron tsara aikin karatun manya ya san tambayar da ta fi cin lokaci: in za a buɗe sabon aji a ƙauye, wa za a fara gaya wa? A da amsa ɗaya ce, a je wurin mai gari da liman. Daga baya aka aro wata amsa daga ilimin zaman jama'a, wadda ke cewa sabon labari ba ya bin manyan hanyoyin zumunta, ya fi bin mutanen da suka san juna sama-sama. Asalin wannan magana wata maƙala ce da Mark Granovetter ya buga a Amurka a shekarar 1973. Tana cikin maƙalolin da aka fi ambato a fannin baki ɗaya, kuma ta cancanci haka. Amma tun da ana so a ɗora aikin fili a kanta, wajibi ne a duba ƙasar da take tsaye a kai. A ganinmu tunanin da ke cikinta ingantacce ne, mudun da aka yi awo da shi ne bai cika ba, kuma in aka kawo mudun nan ƙasar Hausa yadda yake, zai riƙa mai da igiyar rijiya zare.

Fannin da maƙalar ta fito daga ciki shi ne wanda za mu kira nazarin saƙar hulɗa. Maimakon a kasa mutane bisa shekaru ko sana'a ko dukiya, sai a zana kowane mutum a matsayin ɗigo, a ja layi tsakanin duk mutum biyu da ke da hulɗa, sa'an nan a dubi fasalin saƙar da ta fito. Jacob Moreno ya yi irin wannan zane a littafinsa na 1934, John Barnes ya yi amfani da tunanin a wani ƙauyen masunta na ƙasar Norway a 1954, kuma littafin da Clyde Mitchell ya shirya a 1969 ya tattara binciken da aka yi a garuruwan Afirka ta tsakiya, musamman Zambiya. Watau dai hanyar ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu; a nan ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta.

Hujjar Granovetter mai sauƙin bi ce. In Audu aminin Garba ne, kuma aminin Tanko ne, da wuya Garba da Tanko su kasa sanin juna. Saboda haka aminai sukan dunƙule wuri ɗaya, abin da ɗaya ya ji duk sun ji, labarinsu yana ta kewayawa a tsakaninsu kamar ruwan tafki. Layin da ke haɗa wannan dunƙule da wani dunƙulen, wanda in an yanke shi labari ba zai ƙetara ba, shi ne kadarko; kuma bisa hujjar da ta gabata, kadarko ba zai zama hulɗa mai ƙarfi ba, sai ta sama-sama. Wannan tunani ne mai kaifi, domin ya haɗa ƙaramin abu, watau abota tsakanin mutum biyu, da babban abu, watau yadda labari ke ratsa gari. Ba mu da ja a nan.

Ja yana wurin awo. Da ya zo faɗin abin da yake nufi da ƙarfin hulɗa, Granovetter ya kawo abubuwa huɗu: yawan lokacin da ake yi tare, zurfin ƙauna, gaya wa juna asiri, da taimakon juna. Da ya zo gwaji kuwa, sai ya ɗauki guda ɗaya, yawan ganin juna, ya bar sauran. Mutanen da ya bincika maza ne masu manyan ayyukan ofis da na fasaha a garin Newton kusa da Boston. Daga cikinsu, waɗanda lissafin da aka fi ambato ya dogara a kansu mutum 54 ne da suka sami aiki ta hanyar wani da suka sani. Mutum 9 sun ce sukan ga mai ba su labarin a kai a kai, 30 sun ce jefi-jefi, 15 sun ce da ƙyar. To, mene ne jefi-jefi? A ma'auninsa, shi ne fiye da sau ɗaya a shekara amma ƙasa da sau biyu a mako. Mai karatu ya lura da faɗin wannan buhu. Wanda kake gani kowace Juma'a da wanda kake gani a ƙaramar salla da babba duk an zuba su ciki, kuma fiye da rabin mutanen a nan suka faɗa. Shi kansa marubucin ya yarda cewa shaidarsa ƙarama ce. Masu ambatonsa ne suka manta da wannan. A 1984 Peter Marsden da Karen Campbell suka gwada ma'aunan ƙarfin hulɗa daban-daban, suka tarar cewa kusancin zuciya shi ya fi nuna ƙarfi, yawan haɗuwa kuwa yakan ruɗi mai awo, domin maƙwabci da abokin aiki kullum ana ganinsu ko da ba a shaƙu ba.

Wani zai ce ai mu ma muna da karin maganar da ke goyon bayansa, zumunta a ƙafa take. Gaskiya ne, amma karin maganar ba ta ce ƙafar wa ba. A gidajen da ake kulle, matar aure tana iya yin watanni ba ta ga ƙawarta ba, alhali kullum yarinya tana kai ƙosai, tana dawo da kuɗi, tana kai gaisuwa, tana dawo da labari. Polly Hill ta bayyana wannan ciniki na cikin gida daga bincikenta a Batagarawa kusa da Katsina, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano, a shekarun 1970, cewa yara su ne hannu da ƙafar wannan sana'a. In aka tambayi matar sau nawa take ganin ƙawar, amsarta za ta jefa hulɗar cikin buhun sama-sama. Daga nan mai bincike zai koma ofis ya rubuta cewa ra'ayin Granovetter ya tabbata, labari ya bi hulɗa maras ƙarfi, alhali ya bi hulɗar da ta fi kowace ƙarfi a rayuwar matar. Kuskure irin wannan ya fi haɗari, domin yana fitowa da kamannin nasara.

Akwai kuma kunya. Yawancin masu wannan bincike sukan fara da cewa mutum ya ambaci sunayen waɗanda yake shawara da su. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace da yawa ba sa kiran sunan miji, suruki da suruki kuma ba su cika zaman hira ba. Waɗannan duk hulɗa ce mai nauyin gaske, amma al'ada ta nuna nauyinta ta hanyar rage magana. Takardar tambayoyin da ke ƙirga magana za ta bar gurbinsu fayau.

Hujjar cewa kadarko dole ya zama na sama-sama ita ma tana da wurin da take tuntuɓe. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya nuna yadda mai shanu daga arewa yake sauka wurin maigidansa, a sayar da shanun bashi ga mahauta Yarbawa, maigidan ya tsaya a kan bashin. Maigidan nan kadarko ne sosai, yana tsakanin mutanen da ba harshe ɗaya ba, ba gari ɗaya ba. Amma ba a miƙa wa sanin shanu garken shanu. Hulɗar tana tsaye ne a kan amana ta shekaru, ko da yake fataken sukan zo ne lokaci-lokaci. Abin da Emmanuel Grégoire ya rubuta a 1986 game da alhazan Maraɗi da barorinsu yana nuna irin wannan gini: nisa ba ya rage ƙarfin ɗaurin, shi ne ma dalilin ƙulla shi da ƙarfi.

Masu nazarin harshe suna da nasu rabon a wannan gargaɗi. Lesley Milroy ta kawo saƙar hulɗa cikin nazarin karin harshe da bincikenta a unguwanni uku na ma'aikata a Belfast, wanda ya fito a 1980. Ta nuna cewa wanda ya nutse cikin saƙa mai matsi ya fi riƙe karin unguwarsu, kuma a 1985 ita da James Milroy suka aro ra'ayin Granovetter domin bayyana yadda sabon furuci ke ƙetarawa daga unguwa zuwa unguwa. Duk mai son gano yadda Kananci ke shiga bakin samarin Damagaram ko Tawa zai ji kwaɗayin wannan hanya. Sai dai ma'auninta maki biyar ne, uku daga ciki sun shafi wurin aiki da abokan aiki. Hakan ya dace da unguwar da mazanta ke aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa. A wurinmu, matar da ba ta taɓa barin unguwar da aka haife ta ba, wadda ke da hannu a kowane suna da kowane aure, ba za ta wuce maki biyu ba.

Abin da ya fi shafar masu tsara karatun manya shi ne bambanci tsakanin jin labari da yanke shawara. Granovetter a kan jin labarin aiki ya yi magana. Yanjie Bian, da ya duba birnin Tianjin na ƙasar Sin a zamanin da hukuma ke raba ayyuka, ya ba da sakamako a 1997 cewa inda ake bukatar wani ya sa baki, ba ya ba da labari kawai ba, hulɗa mai ƙarfi ita ke aiki. Damon Centola da Michael Macy a 2007 suka nuna cewa abin da ke da tsada ko abin jin kunya ba ya yaɗuwa da ji daga baki ɗaya, sai mutum ya gan shi wurin mutane da yawa na kusa da shi. Centola ya gwada haka a intanet a 2010, ya ga ɗabi'a ta fi saurin yaɗuwa a saƙa mai dunƙule-dunƙule. Magidanci mai ƴaƴa ya zauna a tabarma yana koyon baƙaƙe gaban ƙannensa, wannan ba labari ba ne da za a ji a kasuwa a wuce. Abokin kasuwa zai iya gaya masa an buɗe aji; abokan majalisarsa su ne za su sa ya je ko ya ƙi. Domin adalci, a faɗi cewa ra'ayin na asali bai faɗi ba a fagensa: gwajin da aka yi da mutane kimanin miliyan 20 a dandalin LinkedIn, wanda aka buga a 2022, ya nuna hulɗa maras ƙarfi tana taimakawa wajen samun aiki, amma mai matsakaicin rauni ce ta fi, ba mafi rauni ba.

Saura batun amincin amsa. Russell Bernard da Peter Killworth, tun daga 1976, sun kwatanta abin da mutane suka ce game da waɗanda suka yi magana da su da abin da aka rubuta ya faru, suka tarar kusan rabin amsoshin ba daidai ba ne. Linton Freeman da abokan aikinsa suka sassauta wannan a 1987: mutane sukan manta abin da ya faru jiya, amma kuskurensu yakan karkata zuwa ga abin da aka saba yi. Ke nan tambayar “da wa kika yi magana makon jiya” ba ta da amfani sosai, tambayar abin da aka saba ta fi.

A nan ƙasar Hausa tana da abin da Newton ba ta da shi. Gudummawar biki, wadda Guy Nicolas ya yi dogon nazari a kanta a yankin Maraɗi, hulɗa ce da ake ƙirgawa, ake tunawa, ake ramawa, sau da yawa da ƙari. Mace ta san wadda ta kawo mata, da abin da ta kawo, da abin da ake binta. Wannan shi ne taimakon juna, ɗaya daga cikin abubuwa huɗun da Granovetter ya ambata bai auna ba, ga shi jama'a sun riga sun auna shi da kansu. Mai binciken da ke son zana saƙar wani ƙauye kafin a buɗe aji zai fi samun gaskiya in ya tambayi wa ake kai wa gudummawa, wa ake adashi da shi, wa ake aika wa in an shiga matsi, ya kuma karɓi amsa da sunan dangantaka inda kunya ta hana suna. Sa'an nan a kowane layi ya rubuta ta hannun wa saƙon ke bi, domin yarinyar da ke ɗauke da faranti tsakanin gida shida tana iya zama ɗigon da ya fi kowane layuka a zanen, kuma ba ta cikin jerin manyan da aka ba shi ya tambaya.