Idan Bidiyo Ya Riga Ya Nuna Makasa

Littafin binciken kisa irin wanda muka saba karantawa yana tsayawa ne a kan tambaya ɗaya: wa ya aikata? Ga gawa, ga mutum biyar ko shida da ake zargi, ga mai bincike yana ta tsintar alamu har ya kai mu shafin ƙarshe. Wayar hannu ta dagula wannan tsari. Yau da wuya mutum ya motsa bai bar sawu a wata kwamfuta ba, shi ya sa marubuta da yawa ke kashe batirin wayar jaruminsu, ko su jefa shi wani tsibiri da babu sabis. Femi Kayode bai bi wannan hanya ba a littafinsa na farko, Lightseekers, wanda ya fito a 2021. Da bidiyon kisan ya fara.

An kashe ɗalibai uku a wani gari mai suna Okriki, garin da marubucin ya ƙirƙira kusa da Fatakwal. Jama'a ne suka taru suka dake su, suka banka musu wuta, wasu na ɗauka da waya. Fuskokin makasan na yawo a intanet, shari'a ma ta fara. Sai mahaifin ɗaya daga cikin yaran ya ɗauko Dokta Philip Taiwo, masanin halayyar masu laifi da ya dawo daga Amurka, ya gano masa dalilin da ya sa aka yi hakan. Duk ɗan Najeriya ya san inda labarin ya samo tushe. A watan Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata, aka yaɗa bidiyon, sai a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, har da wani sajan na 'yan sanda.

Rabin farko na littafin ya yi kyau matuƙa. Philip baƙo ne a ƙasarsa, ya zo da ilmin littafi, garin kuma ya rufe masa ƙofa ruf. Ba wanda ya musanta cewa an yi kisan, amma kowa yana da dalilinsa: ɗalibai sun addabe mu, 'yan sanda ba sa zuwa idan an kira su, mu ma an zalunce mu. Kayode ya iya nuna yadda mutanen kirki, masu zuwa kasuwa da wurin ibada, ke haɗa baki su kare abin da kowannensu shi kaɗai ba zai iya kallo ba. Chika, direban da aka haɗa Philip da shi, ya fi uban gidansa sanin yadda ake magana da irin wannan gari, kuma hirarsu a mota na cikin abin da ya fi daɗin karantawa.

Matsalata da littafin tana cikin gajerun baboban da aka sassaƙa a tsakani, inda wata murya mai taɓin ƙwaƙwalwa ke magana. Ba zan ɓata wa wanda bai karanta ba, amma a ƙarshe an nuna mana cewa akwai mutum ɗaya a bayan fage, mai wayo, mai tsohon rauni a zuciya, wanda ya juya garin yadda yake so, har yana amfani da kafafen sada zumunta wajen hura wutar gaba. Da isowa nan sai mai karatu ya yi ajiyar zuciya: ashe ga mugun nan. Wannan ajiyar zuciyar ce nake ganin bai kamata a ba mu ba.

A sana'armu ta rubuta manhaja, duk ranar da tsari ya rushe, abin da manya ke so a kawo musu shi ne layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, da sunan wanda ya rubuta shi. Samunsa ba ya wuya. Amma wanda ya san aikin zai tambaya: ina wanda ya kamata ya duba, me ya sa aka kashe ƙararrawar gargaɗi, yaya kuskure ɗaya ya iya kayar da komai? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kayode ya shafe shafuka yana nuna mana tsagar bangon, sannan ya kama ƙadangaren ya ce ga mai laifi. Wanda ya tuna ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022, ko mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 suna hanyar zuwa Kano, ya san ihun mutum ɗaya ya wadatar. Sauran aikin jama'a ne ke yinsa da hannunsu.

Oyinkan Braithwaite ta fi shi ƙarfin hali a My Sister, the Serial Killer na 2018, duk da littafinta ƙarami ne kuma cike da barkwanci mai ɗaci. Tun shafin farko mun san Ayoola ce ke kashe samarinta, yayarta Korede, ma'aikaciyar jinya, ita ke goge jinin. 'Yan sanda sun zo, sun yi tambayoyinsu, sun tafi. Ba a kawo mana wani ɓoyayyen mugu ba. An bar mu a cikin kan Korede, mai taimakon mai laifi, har muka wayi gari muna fatan kada a kama su.

Wannan kujerar ce ba kowa a kanta a Lightseekers. Mun shiga kan mai bincike, mun shiga kan mai kitsa makirci. Shi kuwa mutumin da ya tsaya a gefe ya ɗaga waya, yana gyara tsayuwa don hoton ya fito sosai, ko babi ɗaya ba a ba shi ba.