Gwanin da Ke Kama Indiketa Mai Ƙarya

A cikin masu rubuta wa 'yan kasuwar canjin kuɗi indiketa, wato ƙaramar manhajar da ke zana layi ko kibiya a kan jadawalin farashi, akwai wanda na fi jinjina wa: mutumin da ake kai wa indiketa idan ta fara ƙarya. Kibiyar saye ta fito yanzu, kafin ka juya ta ɓace, ko layi ya zame da kyandir ɗaya, wato sandar da ke nuna motsin farashi na wani taƙaitaccen lokaci. Mai ita ya rantse lissafinsa daidai ne, kuma sau da yawa da gaskiyarsa.

Gwanin ba ya fara taɓa lissafi. Tambayarsa ta farko ita ce, wane kyandir kake karantawa? A manhajar ciniki ta MetaTrader 4, wadda ta fito a 2005, lamba 0 ita ce kyandir na yanzu, wanda bai rufe ba. A MetaTrader 5 ta 2010 kuwa, ma'ajiyar indiketa daga mafi tsufa take fara ƙirga, sai an juya ta da ArraySetAsSeries. Wanda ya kwaso tsohon rubutun MetaTrader 4 bai lura da wannan ba, sai ya tarar da kibiyarsa can a farashin shekarun baya.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: yaushe ake lissafin? A kan kyandirorin da suka wuce, Pine Script, yaren rubuta indiketa na TradingView, sau ɗaya yake lissafa kowanne, bayan ya rufe. Kyandir da ke gudana kuwa, duk motsin farashi sai an sake masa lissafi. Shi ya sa indiketa ke yin kyau a tarihi kamar amarya, ranar da aka zuba kuɗi ta ba da kunya. Wata ma leƙen gaba take yi: ta jawo farashin rufewar yini ta ɗora kan kyandir ɗin safe, farashin da babu wanda ya sani a lokacin.

Aikin nasa na haƙuri ne. Sai ya koma jadawalin minti ɗaya, ya sa manhajar ta riƙa buga lambar kyandir, lokacin buɗewarsa, da rates_total (yawan kyandirori) da prev_calculated (yawan waɗanda aka riga aka lissafa) na MetaTrader a kowane motsi. Ya zauna ya zuba ido layuka na gangarowa, har ya ga inda sabon kyandir ya shigo amma na bayansa bai samu lissafin ƙarshe ba. Daga nan ya sa ƙirga ta fara daga prev_calculated a cire ɗaya, ko a Pine ya hana kibiya fitowa sai barstate.isconfirmed ya tabbatar an rufe. Gyaran bai fi haruffa kaɗan ba, amma gano wurin shi ne gwanintar, kuma kuɗin mutane ne yake tsarewa.

Kai kuma mai karatu, kafin ka biya kuɗin wata indiketa, bar ta ta yini a jadawalin minti ɗaya, ka ɗauki hoton kibiyoyinta, ka rufe jadawalin ka sake buɗewa, sannan ka kwatanta.